Yadda Ake Koya wa Matasa Riƙon Nasara da Labaran Girkawa da Indiyawa

Duk malamin da ya taɓa raka ɗalibai musabaƙa, ko mai horar da 'yan ƙwallo a Aboabo ko Asawase, ya san cewa ranar da aka ɗauko kofi ta fi ranar da aka sha kashi wuyar sha'ani. Yaron da ya faɗi yakan dawo kunnensa a buɗe, amma wanda ya ci, sai ka ga tafiyarsa ta canza, gaisuwarsa ta gajarce, har ya fara yi wa abokan karawarsa gori a bakin masallaci. Na daɗe ina karantar da yara darasin yamma a nan Kumasi, kuma cikin abubuwan da na gwada, babu wanda ya kama zukatansu kamar wasu tsofaffin labarai na Girka da Indiya.

Kada ka ba da labarin a ranar nasara. Bar su su yi murnarsu, haƙƙinsu ne, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ka jira kwana biyu ko uku, lokacin da kirari ya fara juyewa ya zama wulaƙanta wasu. Kafin ka fara kuma, ka bayyana wa yaran, da iyayensu idan sun tambaya, cewa labarai ne na al'ummun da suka yi imani da alloli masu yawa, darasin kawai za a ɗauka. Ka hana su izgili, domin addinin Hindu yana da mabiya har a ƙasar nan, kuma tun 1975 akwai gidan ibadarsu a Odorkor da ke Accra.

Ka fara da Odisiyus, sarkin tsibirin Itaka, wanda labarinsa ya zo a waƙar Odyssey da ake dangantawa da Homa, tsohon mawaƙin Girka. Bayan shekara 10 ana yaƙin Turoy, ya kama hanyar gida da jiragen ruwa 12, sai ya faɗa kogon wani ƙato mai ido ɗaya a goshi, Folifimus, wanda ya toshe ƙofar da dutse ya cinye shida daga cikin mutanensa. Odisiyus ya shayar da shi giya, ya ce masa sunansa "Ba-kowa", sannan da barci ya kwashe shi suka soke masa idon da itacen zaitun da suka fiƙe suka gasa a wuta. Da ƙaton ya kwarma ihu, 'yan'uwansa suka zo bakin kogon suna tambayar wa ke cutar da shi, ya ce Ba-kowa ne, sai suka koma makwancinsu. Da gari ya waye mutanen suka fice a maƙale ƙarƙashin cikin raguna, suka shiga jirgi.

A nan za ka tsaya cak. Wannan tsayawar ita ce rabin aikin, kuma malamai da yawa sukan wuce ta da sauri saboda labarin yana da daɗi. Ka tambayi yaran abin da ya rage wa Odisiyus ya yi. Za su ce ya tafi gida. Sai ka gaya musu cewa bai iya jure a ce ba a san wanda ya yi wannan bajinta ba, ya miƙe a cikin jirgin yana yi wa makahon ba'a, ƙaton ya jefo dutsen da ya kusa mayar da su gaɓa, mutanensa suka roƙe shi ya yi shiru, amma ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da na garinsu. Da wannan sunan Folifimus ya kai ƙara wurin ubansa Fosaidon, wanda Girkawa suka ɗauka mai mulkin teku ne, ya roƙi kada Odisiyus ya kai gida, idan kuma zai kai, ya isa a makare, babu ko ɗaya daga mutanensa, a jirgin wasu, ya tarar da fitina a gidansa. Haka kuwa aka yi, sai da komawarsa ta ci shekara 10. Ka jawo hankalinsu ga matuƙan jirgin da suka ce a yi shiru, domin su ne suka biya kuɗin alfaharin da rayukansu. Girkawa suna kiran irin wannan wuce gona da iri hubris, kuma a labaransu azaba ce ke biyo bayansa.

Labarin Indiya kuwa yana bukatar ka shigo aji da busasshen tsinken ciyawa guda a aljihu. Ya zo a littafin Kena Upanishad cewa alloli sun ci galaba a kan abokan gabarsu, suka ce nasarar tasu ce, girman ma nasu ne, alhali Brahman, wanda a wurinsu shi ne tushen komai, shi ya ci musu yaƙin. Sai Brahman ya bayyana a wata siffa da ba su gane ba. Suka aiki Agni, mai wuta, ya binciko. Da aka tambaye shi ƙarfinsa, ya ce zai iya ƙone duk abin da ke bayan ƙasa, sai aka ajiye masa tsinke aka ce ya ƙone. Ya afka masa da dukan ƙarfinsa, ya kasa. Wayu, mai iska, shi ma ya zo da tasa cika-bakin, ya kasa ko motsa shi. Da Indra sarkinsu ya matso, siffar ta ɓace, sai wata mace mai suna Uma ta sanar da shi ko nasarar wa suke taƙama da ita. Idan ka zo wurin tsinken, ka fito da naka ka ajiye a kan benci, ka yi shiru na ɗan lokaci. Na ga yaron da ya fi kowa surutu ya zura wa wannan tsinken ido, hannunsa a haɓa, har aka tashi bai ce uffan ba.

Idan ɗaliban manya ne, musamman waɗanda aka naɗa kyaftin ko shugaban ɗalibai, ka ƙara musu da Nahusha na cikin Mahabharata, babban littafin labaran Indiya, sarkin da aka ɗora a gadon Indra, mulki ya ruɗe shi har ya sa manyan masana suka ɗauke shi a kafaɗa, ya shuri ɗayansu, Agastiya, da ƙafa, aka la'ance shi ya faɗo ƙasa ya zama maciji.

Bayan haka ka bar su su kwatanta da kansu. Yawanci sukan lura cewa Odisiyus ya rasa mutane da shekaru, su Agni kuwa kunya suka sha, aka kuma buɗe musu ido. A ganina labarin tsinken ya fi amfani ga yaro, domin na Girka yana sa shi tsoron abin da zai same shi, na Indiya kuma yana sa shi tambayar ko da ma ƙarfin nasa ne. Duk da haka ba na yarda a bar na Odisiyus, saboda shi ne ke nuna cewa girman kan shugaba a kan mabiyansa yake fara sauka.

Daga nan ne za ka dawo da su gida, ga abin da suka sani a makarantar allo. Ka tuna musu yaƙin Hunaini a shekara ta 8 bayan hijira, inda yawan rundunar Musulmi ya burge su bayan buɗe Makka, aka tarwatsa su da farko kafin Allah ya saukar da natsuwa, kamar yadda ya zo a Suratut Tauba. Ka tuna musu kuma cewa Suratun Nasr umarni ta yi da tasbihi da istigfari idan nasara ta zo. Kada ka tsawaita, minti biyar sun isa.

Ka rufe zaman da aiki na hannu. Ka ba kowane yaro takarda ya rubuta sunayen mutum biyar da ba don su ba da bai ci ba, kuma kada ka karɓi takardar wanda ya tsaya a kan malami da iyaye kawai. Da ka matsa musu za su tuno da mai tsaron gida da ya tare bugun fanareti, da yayar da ta biya kuɗin mota, da mai koko da ke ba su bashi da safe. Sannan ka zaɓi biyu daga cikin yaran su je su gai da waɗanda suka kayar, kai ma ka bi su, ka tsaya daga nesa inda za ka ga fuskokinsu ba tare da ka sa baki ba.