Babi na Bakwai: Takardar Gwajin Ƙwayar Cuta

Darasi na 1: Kwalba kafin kafso

Idan ka je asibiti da zafin fitsari ko gyambon da ya ƙi warkewa, likita kan rubuta gwaji, ya ce ka dawo bayan kwana biyu ko uku. Ba wulaƙanci ba ne. Shuka ake yi a ɗakin gwaji. Ana shafa fitsarin a kan ɗan faranti mai abincin ƙwayar cuta, a sa shi cikin akwati mai ɗumi irin na jikin mutum, ƙwayar ta kwana ta tsiro. Washegari a sake shuka ta, a jera mata 'yan ƙananan takardu zagayayyu, kowace da nata maganin. Inda magani ya fi ƙarfinta, za a ga fili fes kewaye da takardar, kamar gonar da aka yi wa noma. Inda ta raina shi kuwa, sai ta tsiro har jikin takardar.

To, ga inda ake tuntuɓe. A ba da fitsarin kafin a sha magani. Mu maimaita tare: kwalba tukuna, sannan kafso. Idan ka riga ka sha Ampiclox ko Septrin daga kemis, ƙwayar kan laɓe, ta ƙi tsirowa a faranti, takarda ta fito babu komai, alhali ciwon yana nan. Kuɗin gwaji ya tafi.

Kwalbar asibiti za ka karɓa, ba ta lemo ba. Wanke hannu da gaba, bar fitsarin farko ya zuba, tari na tsakiya, rufe, kai shi cikin awa 2. Kada ka damu in ka manta wani abu, kowa da haka ya fara. Amma me ke zuwa farko? Kwalba. Rubuta a littafinka sau 5: Kwalba kafin kafso.

In kuwa ka riga ka sha, faɗa wa likita sunan maganin, ko ka kai masa kwalinsa. A ajin bara sau uku na faɗi wannan, wata Hajiya ta gyaɗa kai, ranar Litinin ta zo tana ce mini, "Malam, ai guda biyu kacal na sha." Haba Hajiya! Biyun ma sha ne. Ku manya ne, bai kamata in yi ta nanata magana ɗaya kamar mai koyar da 'yan firamare ba. Kwalba kafin kafso.

Darasi na 2: Haruffa uku

A takardar sakamakon, a gaban sunan kowane magani za ka ga S, ko I, ko R. Haruffan Turanci ne, amma ga dabarar tunawa. S, ƙwayar ta saduda, maganin zai ci ta. R, ta raina shi, ko buhu ka sha ba zai yi ba. I, tsaka-tsaki ne, likita ya san yadda zai yi da shi.

S ba ta nufin "sha". Mayar wa likita takardar, shi zai zaɓa.

Darasi na 3: Ina sakamakon ke zuwa?

Asibiti kan tara sakamakon marasa lafiya na shekara, ya ga maganin da ya daina ci a yankin, don likita ya san da me zai fara kafin gwaji ya fito. A Najeriya NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, ce ke haɗa irin waɗannan bayanai. A 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani.

Darasi na 4

Sha maganin yadda likita ya rubuta, kada ka ba maƙwabci ragowa. Aikin gida: kwafi S, I, R, da jimlar darasi na 1.