Yadda Ake Gane Itacen Rimi a Cikin Kurmi

Rimin da ya tsaya shi kaɗai a fili ba ya ɓuya. Wahalar tana cikin kurmi, inda itatuwa suka cunkushe, ganyen wannan ya shiga na wancan, ga kuma bishiyar gurjiya da ke kama da shi kamar 'yan uwa ɗaya. Masana tsirrai suna kiransa Ceiba pentandra, sunan da wani masani, Joseph Gaertner, ya tabbatar masa a 1791. Yana fitowa a dazuzzukan Afirka ta Yamma da na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, ana kuma nomansa a Kudu Maso Gabashin Asiya. Hanyar gane shi ita ce ka faro daga nesa, kana matsowa kana tara alamu, don alama guda tana iya yaudararka.

Da farko ka ja da baya ka ɗaga kai. Babban rimi kan kai mita 60, wani ma ya zarce, shi ya sa kansa ke fitowa sama da rumfar sauran itatuwa. Gangar jikinsa miƙaƙƙiya ce, takan yi nisa kafin ta fitar da reshe. Rassan kuma a kwance suke fita, hawa-hawa, kamar an jera su da hannu. A jikin matashin rimi wannan tsari ya fi fitowa sarai.

Sai ka matso gindinsa, inda ni dai na fi son in daɗe. Saiwoyin rimi tun daga jikin gangar suke farawa, su sauko da faɗi kamar katanga, su bazu ta kowane gefe. Wasu sun fi mutum tsawo, har ka shige tsakanin biyu a kasa ganinka. Dalilinsu a fili yake: abincin ƙasar kurmi a sama-sama yake, saiwa ba ta nitsewa can ƙasa, don haka itace mai wannan tsayi yana bukatar abin da zai tokare shi idan iska ta taso. Amma kada ka yanke hukunci a nan, domin itatuwan kurmi da yawa suna da irin wannan gindi, rimin da ake nomawa a Asiya kuwa sau da yawa nasa ƙanana ne.

Na uku, ka duba ɓawon, amma ka sa ido kafin ka sa hannu. Ƙaramin rimi kore ne shar, jikinsa cike da gajerun ƙayoyi masu faɗin gindi da tsinin kai. Wannan koren yana da aiki: ɓawon yana sarrafa hasken rana ya yi wa itacen abinci ko a lokacin da babu ganye. Da ya manyanta sai ya koma ruwan toka, ƙayoyin ƙasa su ragu, su saura a rassa. Akwai ma irin da ba ya ƙaya sam.

Daga nan ka tsinci ganye a ƙasa. Yana kama da tafin hannu a buɗe: doguwar sanda guda, a ƙarshenta ƙananan ganyaye 5 zuwa 9 masu tsini sun fito daga wuri ɗaya. Kuka ma haka ganyenta yake, sai dai ƙaton cikinta mara ƙaya ya isa ya raba su.

Furen ne ke raba gardama da gurjiya. Rimi kan zubar da ganye da rani, sannan ya yi fure a tsirarun rassa. Furannin ƙanana ne, a dunƙule, farare ko masu ɗan ja-ja, kuma da faɗuwar rana suke buɗewa, da wani wari mai tsami da ke jawo jemagu. Jemagun ne ke lasar zaƙin, su kwashi ƙurar fure zuwa wani itacen. Ka je da sassafe ka ɗauki furen da ya faɗo, ka ƙirga zaruruwan da ke ɗauke da ƙurar a tsakiyarsa. Biyar za ka samu, kuma abin da kalmar pentandra ke nufi ke nan. Furen gurjiya babba ne, ja wur ko ruwan lemo, zaruruwansa tuli guda. Rimi ba kowace shekara yake fure ba, saboda haka in ka tarar babu, ka nemi tsofaffin ƙwanso a gindinsa.

Ƙwanson dogo ne, kusan santimita 15, kore da fari, sannan ya bushe ya tsage gida biyar. A ciki akwai auduga mai sheƙi da ƙananan baƙaƙen iri da ke zubewa da zarar ka girgiza. Kowane zare rami ne da shi a ciki, ga santsi kamar an shafa masa kakin zuma, shi ya sa aka daɗe ana cusa ta a rigunan ceton masu faɗawa ruwa. Ka jefa ɗan kaɗan a kofin ruwa, za ka ga tana yawo a sama ba ta jiƙe ba. Gurjiya ma tana yin auduga, don haka ka haɗa wannan da abin da ka gani a fure. Idan za ka tafi da ita gida, ka nisanta ta da wuta, don nan da nan take kamawa.