Shari'ar gida na jan ƙafa, kai kuma kana cin kuɗin haya?

Na gaji da ganin 'yan'uwa a Agege da Mile 12 suna faɗawa ramin da na faɗa. Da zarar mai gida ya kai mutum kotun majistare, sai ya ɗauka an ba shi zaman kyauta har ranar hukunci.

Ni ma haka na yi. Yau lauya bai zo ba, an ɗage. Gobe kotu na hutu. Jibi an sauya alƙali, a koma farko. Ina ganin abin ya yi nisa, na kwashe kuɗin hayar da na tara na zuba a buhunan albasa. Ranar hukunci aka lissafa mini duk watan da na kwana a ɗakin, har da na bayan ƙarewar wa'adina, don doka ta ba mai gida kuɗin wannan zaman ma. Albasa ta ruɓe, bashi yana nan daram, sai da babur ɗina ya tafi. Haba malam, alƙali ne ya ɗage zama, wata ai bai daina kamawa ba! Ni yanzu asusu daban nake buɗewa, duk wata in zuba hayar, katin kuma yana hannun uwargida.

Rami na biyu ya fi ba ni haushi: magada na shari'a kan gida, kowa ya zo da baki mai daɗi, kai kuma ka miƙa kuɗi hannu da hannu don kunya. Wanda ya ci shari'a zai sake tambayarka. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta wajabta ba da rasit. Ba rasit, ba na sakin ko sisi.

Kada ka tattara kaya don an yi maka tsawa. Mai hayar shekara, in yarjejeniya ba ta ce wani abu daban ba, notis ɗin wata 6 ne, sannan na kwana 7, sannan kotu. Amma dokar ba ta shafi Ikoyi, Apapa, Victoria Island da Ikeja GRA ba.

In an lafta maka ƙarin da ya wuce hankali, kana iya kai ƙara.

Kada ka ƙi zuwa zama don "ai ɗagewa za a yi". Ranar da ba ka je ba ake yi.

Kafin kotu ma, gwada cibiyar sasanci ta ma'aikatar shari'a ta jiha. Kyauta ce, kuma Sarkin Hausawan unguwarku ba zai rasa wanda zai raka ka ba.