Yadda zaka daidaita gilashi a firam kar kwastoma ya dawo maka da ciwon kai

Ku sababbin yara da ke koyon aikin tabarau nan Kumasi ku matso kusa. Mutum zai je asibitin Komfo Anokye a gwada masa ido, a rubuta masa lamba daidai, ya kawo mana takarda, bayan sati ɗaya sai gashi ya dawo wai ƙasa na tasowa in zai sauka daga trotro, kai kuma sai sara yake. Wallahi sau da yawa laifin namu ne, mun sa tsakiyar gilashi a inda ido baya nan.

Abu na farko PD, wato tazarar tsakanin baƙin ido da baƙin ido. Babban mutum yawanci wajen milimita 63 ne amma kar ka yi kintace, ka zauna gaba da gaba dashi tsayinku ɗaya, ka auna kowane ido daban daga tsakiyar karan hanci, don fuska ba kasafai take raba daidai ba, wani zaka samu dama 31 hagu 33.

Sai ka duba lambobin jikin hannun firam. In kaga 52 da 18, faɗin gilashi kenan da gadar hanci, ka haɗa 70. PD ɗin mutum 62 ne? Saura 8, raba biyu, kowane gilashi zaka matsar da tsakiyarsa milimita 4 ta wajen hanci. Shi yasa nake fama da 'yan matan nan masu sayo ƙaton firam a kasuwar Kejetia, firam na girma matsarwa na ƙaruwa, in lambar minus ce gefen sai yayi kauri kamar gindin kwalba, kuma kai za a zaga.

Toh ɗora gilashi a lensmita, wato na'urar auna lambar gilashi, nemo tsakiya, buga ɗigo ukun da take bugawa, ka rubuta R ko L, wato dama ko hagu, da alƙalamin maka nan take kafin wani ya kira ka. In akwai silinda, wato ƙarin lambar da ke aiki ta ɓangare ɗaya, juya gilashin har aksis, kusurwar da aka rubuta mata, yayi daidai da takarda, ɗigon su kwanta a miƙe sannan ka manna bulok, abin da injin yanka ke riƙe gilashi da shi. Kar ka ce ai milimita kaɗan ne. Gilashin -4.00 in ya kauce milimita 5, rabin santimita sau 4, firizim 2 kenan, wato karkatar da gani gefe, ka ɗora wa bawan Allah ba likita ya rubuta ba, idonsa ne zai yi ta kokawa yini guda. Kuma in inji ya yanka ya yanka fa.

Na tsofaffi shi ne mai wuya. Gyara firam a fuskar Baba tukun, hanci da kunne su zauna, sannan ka auna tsayi. Bayifokal, mai sashen nesa da na karatu, layin karatu ya tsaya daidai fatar ido ta ƙasa, furogiresif kuma, wanda ba shi da layi, alamar gicciyen da ke jikinsa ta hau tsakiyar baƙin ido. Ni har Alƙur'aninsa ko jarida nake cewa ya riƙe yadda ya saba, in ga ko yana ɗaga haɓa.

Wajen sawa, firam na roba ka ɗumama shi kaɗan, na ƙarfe kar ka matse sukuru har gilashi ya ji jiki. Ka mayar da shi lensmita ka sake auna ɗigon da rula, sannan ka ajiye shi a tebur ka ga ko yana rawa, in yana rawa hannu ɗaya ya karkace, lanƙwasa shi a hankali kafin ka goge ɗigon.