Yadda ake tsara murfin gorar lemo mai gas wanda za a buɗe a sake rufewa

Kafin ka zana komai, fara sanin nauyin da murfin zai ɗauka. Lemo mai gas yakan ƙunshi iskar kabon da ta kai ninki uku da rabi zuwa huɗu na yawan ruwansa. A cikin firji iskar nan kwance take, matsinta bai wuce bar 2 ba (bar ma'aunin matsin iska ne). A ɗaki mai digiri 20 yana kusantar bar 4, idan kuwa zafi ya kai digiri 38 sai ya doshi bar 6. A Kaduna wannan lissafi na ƙarshe shi ne naka, domin a watan Maris da Afrilu katan ɗin lemo yakan wuni a bayan mota ko a bakin shago a Kasuwar Barci, rana na dukansa. Faɗin ramin bakin gora milimita 21.7 ne, wato a bar 6 iskar tana tura murfin sama da ƙarfin da ya kai kilo 22. Robar da nauyinta bai fi giram biyu da ɗoriya ba ce za ta riƙe wannan har watanni.

Kada ka ƙirƙiri sabon bakin gora. Yawancin gorunan lemo na yanzu suna bin ma'aunin PCO 1881 mai faɗin milimita 28, wanda ya maye gurbin PCO 1810. Tsawon wuyan sabon kusan milimita 17 ne, na tsohon 21, kuma tazarar tiredinsu, wato layin da murfi ke bi idan ana murɗa shi, ta bambanta: milimita 2.7 a sabon, 3.18 a tsohon. A ido kamar ɗaya suke, murfin wannan ma yakan hau kan wancan, amma ba zai riƙe gas ba. Nemi zanen wuyan daga wurin mai sayar maka da gorunan, ka auna guda goma da kanka ka tabbatar.

Inda aikin yake shi ne wurin toshe iska. Mutane da yawa suna ɗauka tiredi ne ke tare gas. Aikin tiredi riƙe murfi ne kawai. Abin da ke tare iska wani siririn zobe ne da ke saukowa daga rufin murfin ta ciki, ya shige cikin bakin gora kamar toshiya. Ka sa faɗinsa ya ɗara na ramin da kimanin rabin milimita, domin ya shiga da matsi, ka kuma lanƙwasa leɓensa yadda iskar cikin gora za ta riƙa tura shi jikin bango. Da haka, duk lokacin da matsi ya ƙaru toshiyar ƙara kamawa take yi. Sai ka ƙara leɓe na biyu da zai kama bakin ta waje. Dalilin na biyun shi ne zafi: idan roba ta yi laushi, rufin murfin yakan kumbura sama ya ja zoben ciki tare da shi, to a lokacin leɓen waje ne ke ceton lemon. Idan ka ga murfi ya yi tozo, rufinsa ya yi siriri da yawa ko kuma robar ba ta dace ba.

Abu na biyu ya shafi idon mai sha. Dole gas ya fita kafin murfi ya saki gora. Shi ya sa ake yanka gibi a tsaye a jikin tiredi, na murfi da na wuyan gora duka. Duba kowace gorar lemo za ka ga layin a katse yake wuri-wuri. Da an ɗan murɗa, toshiyar ta ɗaga, iska ta bi ta gibin nan ta fita da wannan ƙarar “tsss”, alhali tiredin yana riƙe da murfin har yanzu. Idan babu gibin, ko toshiyar ta yi tsawon da ba za ta saki ba sai tiredi ya ƙare, murfin zai tashi kamar harsashi, kuma fuskar mutum ce a samansa. Wannan wuri ba a yi masa rowar lokaci.

Game da roba, murfi mai yanki ɗaya da nau'in robar da ake kira HDPE ake yin sa, mai yanki biyu kuma da wani nau'in da ake kira PP tare da shimfiɗa mai laushi a ciki. Nemi nau'in HDPE da aka yi musamman don murfin lemo mai gas, mai jure tsagewa a ƙarƙashin matsi. Na yin bokiti ko murfin ruwan gora zai yi kyau a ranar farko, bayan makonni kaɗan a zafi sai ka ga siririn tsagi a tsakiyar rufin, daidai inda robar ta shiga mol, wato ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki don ta ɗauki siffar murfi. Robar bola da aka niƙa ba ta da wuri a nan, ko don lafiyar mai sha. Zoben ƙasa mai nuna ko an taɓa buɗewa kuwa, siraran gadoji ne ke haɗa shi da murfi. Su tsinke a buɗewar farko, amma kada su tsinke a kan injin rufewa.

Ƙarfin ɗaurewa a inji ya tsaya tsakanin newton-mita (ma'aunin ƙarfin murɗawa) 1.5 zuwa 2. Ƙasa da haka gas ya zurare, sama da haka tiredi ya tsallake ko yaro da tsohuwa su kasa buɗewa. Lokacin hunturu a rufe buhun murafu, domin ƙwayar ƙura ɗaya a kan leɓen toshiya ta isa ta buɗe wa iska hanya.

Gwajin farko ba ya bukatar ɗakin bincike. Huda gindin gora ka sa bawul ɗin taya irin na mai faci, ka cika ta da ruwa saura kaɗan, saboda iska zalla idan ta fashe tana da haɗari. Rufe, ka nutsa ta cikin bokitin ruwa, ka sa gilashin kare ido, sannan ka ba ta iska a hankali kana kallon gejin matsi har bar 7. Riƙe minti ɗaya. Kumfa ko ɗaya ta fito daga ƙarƙashin murfi, ya faɗi. Daga nan ka buɗe ka rufe da hannu sau ashirin ka maimaita, domin murfin da ke riƙewa a ɗaurin inji kaɗai bai cika sunansa ba. Wasu gorunan kuma ka cika su da lemon gaske ka bar su mako biyu a wuri mai zafi, wasu a tsaye wasu a kwance, ka duba tozo da tsagi da danshi.

Masu zoɓo da lemon citta da kunun aya su lura da wani abu. Idan abin sha mai sukari ya fara tsami a gora, gas yake haifarwa ba tsayawa, ba kamar lemon kamfani da gas ɗinsa ke da iyaka ba. Gorar ruwa da guntun murfinta ba a yi su don matsi ba, kwalbar gilashi kuwa idan ta fashe yanka take yi. A zuba a gorar lemo mai asalin murfinta, a bar sarari kamar yatsu biyu a sama, a ajiye cikin ƙanƙara. Gorar da ta yi tauri kamar dutse a sanyaya ta tukuna, a juya bakinta gefe, a sassauta murfin kaɗan-kaɗan har ƙarar iskar ta ɗauke.