Gwajin fitila kafin a sayi sabon batir

Idan motarku tana wahalar tashi, kada ku yi gaggawar sayen batir. Ku kunna fitilun gaba, sannan ku murɗa makulli, wani ya tsaya a gaban motar yana lura da hasken.

Dalili shi ne kik, wato na'urar da ke juya injin don ya tashi, yana jan wuta fiye da komai a jikin mota, don haka fitilun za su nuna ƙarfin da ya rage.

Idan hasken ya dushe sosai ko ya ɗauke, batir ne ya yi sanyi ko kuma kawunansa sun yi tsatsa. Ku fara da kawunan, domin sau da yawa goge farin garin da ya taru a kansu da ƙara ɗaure su ya wadatar. Idan aka auna ƙarfin wutarsa da mita, batir mai cikakken caji yakan nuna kimanin volt 12.6, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba lokacin da ake ba da kik.

Idan hasken bai canja ba, amma kuka ji ƙas kawai, ku duba kik da wayoyinsa. Idan kuwa injin yana juyawa da ƙarfi bai kama ba, ku koma kan fulogi da famfon mai.

Gwajin ba ya aiki a motocin da ke kashe fitila da kansu yayin tashi. Haka kuma kik da ya cije yana iya dushe hasken ko da batir lafiyarsa ƙalau.