Yadda za ka rarrabe muryoyi biyu a farkon Littafin Farawa

Ka tanadi Littafin Farawa, littafi na farko a Attaura, da biro kala biyu. Aikin shi ne raba rubutun da masana Attaura ke kira na Firistoci (P) da na mai kiran Allah da sunan Yahweh (J).

Fara da sunan Mahalicci, domin da shi likitan nan na Faransa, Jean Astruc, ya soma wannan bincike a 1753. Daga 1:1 zuwa tsakiyar 2:4, sunan da ke cikin Ibrananci shi ne Elohim. Daga nan sai ya koma Yahweh Elohim, abin da fassarar Hausa kan ba da a matsayin "Ubangiji Allah". Ka ja layi a wurin. Kada lambar sura ta ruɗe ka: an raba surori ne a ƙarni na 13, labarin farko kuwa bai ƙare ba sai da hutun rana ta bakwai a sura ta 2.

Sai ka jera abin da aka fara yi. A P, tsire-tsire a rana ta 3, kifaye da tsuntsaye a ta 5, dabbobi sannan mutum a ta 6, namiji da mace tare. A J kuwa an siffanta mutum da ƙurar ƙasa tun ba tsiro ko ɗaya, aka dasa gonar Adnin, dabbobi suka biyo, mace ta zo a ƙarshe.

Nan ne ya kamata ka daɗe, don nan tauhidin kowanne yake. P yana amfani da kalmar Ibrananci bara, wato halitta, wadda Allah kaɗai ke aikata ta. Allah yana magana abu ya kasance, yana rarrabewa, yana tsarawa, komai ya nufi Asabar, ranar hutu. J yana cewa yatsar, wato siffantawa, aikin maginin tukwane. Allahnsa yana hura numfashi a hanci, yana yawo a gona da sanyin yini, yana yi wa mutane tufafin fata. P ya ɗaukaka mutum da siffar Allah, J kuma ya tuna masa cewa adam, mutum, daga adamah ya fito, wato ƙasa.

Gwada hannunka a labarin Nuhu, sura 6 zuwa 9, inda aka saƙa P da J wuri guda. A 6:19 dabbobi biyu-biyu ne, a 7:2 masu tsarki bakwai-bakwai. Dalili? Nuhun J zai miƙa hadaya a 8:20, yana bukatar rara. P bai yarda da hadaya ba kafin a ba Musa doka a Dutsen Sinai. Ruwan kwana 40 na J ne. Kwana 150 da lissafin wata da shekara, irin na 7:11, hannun P ne.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne dogara ga suna kaɗai. Maciji da macen sun ce Elohim a 3:1-5, alhali sashen na J ne, kuma bayan Littafin Fitowa 6:3 shi ma P yana kiran Yahweh. Sai suna da salo da tauhidi sun haɗu kafin ka yanke hukunci. Kada kuma ka haɗa rarrabewa da sa shekarar da aka rubuta su. Tun bayan aikin masanin Jamus Julius Wellhausen na 1878 yawancin masana na danganta P da zamanin bauta a Babila ko bayansa, amma lokacin J har yau ana jayayya a kansa, masani Bayahude Umberto Cassuto ma ya ƙi rabon baki ɗaya.